Wakilcin karanta fayil a NFS: wahalar tana wajen mayarwa

Tun jiya nake ta musu da wani abokin aikina a kan ko ya kamata mu kashe wakilcin karatu a sabar ɗakin kwamfutocinmu, wato kwamfutar da ke ajiye wa sauran fayiloli. Shi ya ce a kashe a huta. Ni ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Ga waɗanda ba su saba da harkar ba: NFS hanya ce da kwamfuta ke buɗe fayil ɗin da ke ajiye a wata kwamfutar kamar a cikinta yake. Kamfanin Sun Microsystems ne ya fito da ita a 1984. A tsofaffin zubinta, na 2 da na 3, sabar ba ta riƙe lissafin wanda ya buɗe me. Saboda haka duk lokacin da ka buɗe fayil, sai kwamfutarka ta aika tambaya: ya canza ko bai canza ba? Ɗalibai arba'in suna harhaɗa manhaja, kowa yana buɗe fayilolin da babu wanda ya taɓa tun bara, amma tambayar nan tana tafiya tana dawowa sau dubbai. Kamar mutumin da ke da kofin takarda a hannu, amma kafin ya karanta sai ya je ofis ya tabbatar ba a sauya ta asalin ba.

Zubi na 4, wanda aka daidaita a takardar ƙa'ida mai suna RFC 3530 a shekarar 2003, shi ya kawo wakilci. Sabar ta ce wa kwamfutarka: ga wannan fayil, karanta abinka daga ajiyarka, ba sai ka tambaye ni ba, in wani ya zo zai rubuta a ciki, ni zan kira ka. Kwamfutoci da yawa za su iya riƙe wakilcin karatu a kan fayil guda a lokaci guda. Wannan aro ne, kuma aro sai da mayarwa.

To a nan ne nake ganin masu saka wannan abu a cikin kanel, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, suke cancantar a jinjina musu, domin karɓar wakilcin ba shi da wuya. Wuyar tana ranar da sabar ta aiko da CB_RECALL, wato saƙon a mayar mata da wakilcin. A wannan lokacin wataƙila shirye-shirye uku sun buɗe fayil ɗin a kwamfutar ba tare da sabar ta sani ba. Dole kanel ya sanar da sabar kowace buɗewa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya aika DELEGRETURN, saƙon mayar da wakilcin, alhali wani shirin yana tsakiyar karatu, wani yana ƙoƙarin rufewa. Shi kuwa mai son rubutu yana can yana jira, sabar tana ce masa dakata tukuna. Kuskure kaɗan a jerin waɗannan matakai, sai na'ura ta sandare ko mutum ya karanta tsohon abu yana zaton sabo ne. Na biyun ya fi ba ni tsoro, don ba ya ihu.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganar kulle, wato shiri ya riƙe fayil don kada wani ya sauya shi yana cikin aiki. A da, kulle fayil wata yarjejeniya ce daban, da shirye-shirye biyu masu kula da ita, lockd da statd, kowanne da tasharsa ta sadarwa, kuma wanda ya taɓa fama da su bayan sabar ta mutu ta tashi ya san ɗacinsu. Zubi na 4 ya shigo da kulle cikin gida, komai ta tasha 2049. Amma ƙa'idar ta ce mai wakilcin karatu ba ya yanke hukuncin kulle shi kaɗai, ko da kullen na tarayya ne, wanda masu karatu da yawa kan riƙe tare. Sai ya miƙa wa sabar. Wasu na ganin asarar gudu ce. Ni ina ganin hankali ne. Kai da mutum tara kuna riƙe da wakilci iri ɗaya, ta yaya za ka san abin da sauran suka kulle? Mai wakilcin rubutu ne kaɗai ke da wannan damar, don shi ba shi da abokin tarayya.

Hujjar abokina kuwa ba ta banza ba ce. Wata rana aka ɗauke wuta a ɓangare ɗaya na ginin, kwamfutoci suka mutu riƙe da wakilci. Malami ya zo adana gyara a fayil, abu ya tsaya cik. Sabar Linux tana ba da wa'adin daƙiƙa 90 kafin ta ɗauka cewa kwamfuta ta ɓace, kuma daƙiƙa 90 a gaban ɗalibai ba kaɗan ba ne. Na ji zafin abin, wallahi. Sai dai jiran nan shi ne sabar tana cika alkawarin da ta ɗauka. Da ta yi watsi da shi nan take, da kwamfutar da kebul ɗinta ya ɗan motsa kawai za ta ci gaba da karanta abin da ya riga ya sauya.

Akwai kuma matsalar da ta dame mu a zubi na 4.0: sabar ce ke buɗe sabuwar hanya zuwa kwamfutarka don kiran mayarwa, kuma katangar tsaro kan toshe ta. Zubi na 4.1 na shekarar 2010 ya gyara wannan, kiran yana bi ta hanyar da kwamfutar ta buɗe da kanta.

Don haka na ce masa mu bar wakilcin a kunne, mu mayar da dukkan kwamfutocin kan 4.1, mu raba fayilolin da ake yawan gyarawa da waɗanda karatu kawai ake yi. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, zan zare kebul ɗin kwamfuta ɗaya da gangan tana riƙe da wakilci, mu tsaya da agogo a hannu mu ga tsawon jiran.