Kar ka raina harafi ɗaya a kan lasisinka

Jama'a 'yan uwa mazauna Amurka, musamman waɗanda ke tuƙi don neman abinci da kuma waɗanda suka fara tunanin mallakar bindiga, don Allah ku ba ni aron kunnenku, maganar nan ta daɗe tana cina. Ciro walat ɗinka yanzu ka jera katunanka a kan tebur, fasfo, girin kad wato katin izinin zama na dindindin, katin Social Security mai ɗauke da lambarka ta aiki da haraji, lasisin tuƙi, da lasisin bindiga in kana da shi. Karanta sunanka a kan kowanne harafi bayan harafi. Wallahi na san da yawa za su tarar mutum uku ne ke zaune cikin walat ɗaya, nan Muhammad can Mohammed, a wani kuma Muhammed, ko Abdullahi an gutsure masa i ya koma Abdullah, ko an ɗauki sunan mahaifi an mayar da shi sunan tsakiya an bar sunan garinku a matsayin sunan dangi.

A gida wannan ba ya ɗaga wa kowa hankali, kowa ya san Mamman da Muhammadu da Mohammed mutum ɗaya ne, malamin firamare ya rubuta yadda ya ga dama, na WAEC ya rubuta nasa, sai dai NIN da BVN suka zo suka fara koya mana hankali. To nan ƙasar abin ya fi haka tsanani don ba mutum ne ke fara duba ka ba, kwamfuta ce. Idan ka je ofishin lasisin tuƙi, wanda yawancin jihohi ke ce wa DMV, mu a Texas kuma DPS ce ke yi, ma'aikaciyar za ta buga sunanka da ranar haihuwarka da lambar Social Security ɗinka, kwamfuta ta tambayi hukumar Social Security ko sun yi daidai. In kai ba ɗan ƙasa ba ne sai kuma a tambayi wani tsari na hukumar shige da fice mai suna SAVE ko takardunka na nan daram. Ita kwamfuta ba ta san "ai duk ɗaya ne" ba. Kuma tun da dokar REAL ID ta 2005 ta fara aiki gadan-gadan a filayen jirgi ranar 7 ga Mayu 2025, wato lasisi mai tauraro ko fasfo ko makamancinsu ake nema kafin ka hau jirgin cikin gida, ofisoshin nan sun daina kau da kai ga ɗan bambancin da a da ake bari ya wuce.

Ni ra'ayina a fili yake, laifin a rabe yake amma wahalar tamu ce mu kaɗai. Tsarin nasu an gina shi ne a kan cewa kowa na da sunan farko da sunan dangi da ake gada kaka da kakanni, mu kuwa sunanka da sunan babanka ne, wani ya ƙara da na kaka, wani ya ƙara da Gusau ko Daura ko Ringim. Har akwai abin ban dariya mai ban haushi, wanda fasfonsa ya zo da suna a gurbi ɗaya kawai, a kan bizarsa sai a rubuta FNU a wurin sunan farko, ma'ana ba a san sunansa na farko ba, kuma haruffan nan uku suna bin mutum har kan lasisin tuƙi, ka ji ana kiransa a asibiti Mista Fnu. Wannan ba mu muka jawo ba. Amma wanda ya karɓi kati a hannun ma'aikaci ya ga an yi kuskure ya sa a aljihu ya ce ba komai Allah Ya sa alheri, saboda layi ya yi tsawo ko yana jin nauyin ya koma ya yi magana, wannan kam shi ya saya wa kansa. Kafin a buga katin yawanci ana nuna maka bayananka a ce ka duba ka sa hannu. Minti ɗaya ne. A nan ne gyara yake kyauta. Ka kuma duba ranar haihuwa don su wata suke fara rubutawa kafin rana, wanda aka haifa 3 ga Nuwamba in bai lura ba sai ya wayi gari an haife shi 11 ga Maris.

Yanzu ga inda maganar ta fi nauyi, bindiga. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa fistol cikin jerin makaman da aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, shi ya sa yawancinmu ba mu taso da sanin takardunta ba. A nan kuwa mai girin kad na da damar saye. Za ka shiga shago ka cike fom mai lamba 4473, ka miƙa lasisin tuƙinka, mai shago ya tura bayananka ga tsarin binciken FBI da ake kira NICS wanda ya fara aiki tun 1998. Binciken nan da suna da ranar haihuwa ake yinsa, ba da zanen yatsa ba. Amsa uku ce, ko a ce ba shi, ko a ce dakata, ko a ce a'a. To ka yi tunanin Mohammed Ali ko Ibrahim Musa nawa ne a duniya, in ɗaya daga cikinsu ya taɓa yin laifi kuma shekarunku sun yi kusa, kai za a ce ka dakata. Shi ya sa gurbin lambar Social Security a fom ɗin, duk da ba dole ba ne, ni ina ganin cike shi ya fi, don shi ke raba ka da takwaranka. Wanda kuma kullum ake tsayar da shi kan laifin wani, FBI na da hanyar da zai nema ya ba da zanen yatsu a ba shi lamba ta musamman da ake kira UPIN ya riƙa sa ta a fom. Abin da ba zan taɓa ba ka shawara ba shi ne ka rubuta sunan da ka san ba shi ne na takardunka ba don kawai ya yi daidai da katin da ke hannunka, ƙarya a kan wannan fom babban laifin tarayya ne, kuma ga wanda ba ɗan ƙasa ba laifi irin wannan na iya kai shi har jirgin komawa gida.

Wani zai ce ai Texas tun Satumbar 2021 ba a buƙatar lasisi kafin a ɗauki fistol. Haka ne, amma mutane da yawa na ci gaba da karɓa don yana aiki a wasu jihohin. Kuma dokar Texas ta ce mai lasisi in yana ɗauke da bindiga ɗan sanda ya nemi shaidarsa, katin biyu zai miƙa tare, na tuƙi da na bindiga. Yanzu ka kwatanta, ƙarfe ɗayan dare a bakin titi, fitilar motar ɗan sanda na haska maka madubi, ka miƙa kati biyu, ɗaya Abdullahi ɗaya Abdullah, kai baƙar fata ne, Musulmi, harshenka ya nuna baƙo ne, ga bindiga a ƙugu. A nan kake so ka fara bayanin yadda Hausawa ke raɗa suna? Mun ga abin da ya faru da Philando Castile a Minnesota a Yulin 2016, yana da lasisinsa, ya gaya wa ɗan sanda da bakinsa yana ɗauke da bindiga, amma aka harbe shi a cikin mota. Nasa ba maganar suna ba ce, ina kawo shi ne don a san irin zafin wannan tsayawa ko da takardunka tsaf suke, balle ka ƙara wa mutum dalilin zargi.

Akwai wani dattijo a masallacinmu, direban babbar mota, da na ga lasisinsa na ce Baba ai an juya maka suna, sai ya yi dariya ya ce yaro shekara nawa nake yawo da shi ba wanda ya taɓa tambaya. Da lokacin sabuntawa ya yi aka ce katin Social Security da girin kad ba su yi daidai ba, sai da ya ajiye mota yana zirga-zirga tsakanin ofis da ofis, kaya na jiransa, kuɗin haya ma na jiransa.

Kuskuren da na ga ana yawan yi wajen gyara shi ne farawa daga reshe. Mutum zai ruga ofishin lasisi yana faɗa, alhali su kwafa kawai suka yi. Ka fara gano inda ɓarakar ta soma. In a fasfo ne, sai ka koma ta NIN da ofishin jakadancinmu, ka shirya haƙuri. In a girin kad ne akwai fom I-90, kuma in kuskuren daga wurin hukumar shige da fice ne ba ka biyan kuɗi. Daga nan sai Social Security da fom SS-5, shi ma kyauta, ka ba su kwana ɗaya ko biyu bayanan su zauna a kwamfuta sannan ka tafi wurin lasisin tuƙi, na bindiga shi ne na ƙarshe don shi yana bin na tuƙi ne. A Texas kwana 30 doka ta ba ka ka sanar in suna ko adireshi ya canza, sauran jihohi kowa da nasa wa'adin, ka duba na jiharka.

Takardar rantsuwar kotu da sanarwar jarida da muka saba da su a gida, kar ka ɗora rai a kansu, abin da suke so su gani shi ne takardar hukuma da ke haɗa tsohon suna da sabo, takardar aure ko umarnin kotu. Wannan ya fi shafar matanmu, wadda takardun makarantarta ke da sunan mahaifinta, fasfo kuma aka sa mata sunan miji don tafiya ta yi sauƙi. Hajiya ki riƙe takardar aurenki ta hukuma da kyau, ta masallaci kaɗai ba lallai su karɓa ba. Wanda kuma ke dab da zama ɗan ƙasa, a fom ɗin neman akwai wurin da za ka nemi a daidaita maka suna, alƙali ya tabbatar a wurin rantsuwa, to ka yi amfani da damar ka zaɓi rubutu ɗaya ka tsaya a kansa, har a takardun haihuwar yaran da za ka haifa a nan.