Sirinji Kyauta Ga Mai Shaye-shaye: Na Sauya Ra'ayi

Ranar da na fara ganin an miƙa wa mai shaye-shaye sirinji kyauta a wani kantin magani a birnin Glasgow na ƙasar Scotland, raina ya ɓaci. Saurayi ne ramamme, hannunsa na karkarwa. Ya ajiye 'yar roba cike da tsoffin allurai, matar da ke aiki a kantin ta ba shi sababbi da audugar goge fata, har tana tambayarsa ya ƙafar tasa. Na ce a raina, wannan ai taya ɓera ɓari ne.

Ba Turawa suka sauya min ra'ayi ba, ƙanwata ce a Najeriya. Mai sikila ce. Tun tana yarinya ake yi mata allurar pentazocine idan ciwon ya tashi, kuma ba a taɓa zaunar da ita an ce mata maganin nan yana kama jiki ba. A ɓoye ta koyi yi wa kanta. Jijiyoyin hannu suka ƙafe, ta koma cinya, cinyar ta yi tauri kamar icce, gyambo ya ɓarke. Da aka kai ta asibiti, wata ma'aikaciya ta kira ta 'yar ƙwaya a gaban jama'a. Wata takwas ba ta sake taka ƙofar ba.

Wannan kalma ta fi allurar ci mata rai, kuma ita ce ke damuna. Wanda aka kunyata ba dainawa yake ba, ɓuya yake. A maɓoyar ce mutum uku ke karɓa-karɓa da allura ɗaya, ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C su bi jini. Ƙwayar cutar hanta ta B kan yi mako guda da ranta a busasshen jini. Dattin fata ma idan ya shiga jijiya, zuciya yake nufa kai tsaye, ya cinye murafan da ke tsare hanyar jini.

Su ma nan Scotland sai da suka sha wuya. A shekarun 1980 a Edinburgh an matsa wa masu allura, sirinji ya yi wuyar samu, suka koma aron na juna, har kusan rabin waɗanda aka gwada a wani bincike aka same su da ƙanjamau. Daga nan gwamnatin Margaret Thatcher, firaministar Birtaniya a lokacin, wadda ba a san ta da sassauci ba, ta fara shirin musayar allura a 1987. A Janairun 2025 aka buɗe The Thistle a Glasgow, inda ake yin allurar a gaban ma'aikatan jinya, da maganin naloxone a kusa don farfaɗo da wanda numfashinsa ya tsaya. Ban ce sun gama ba fa, har yanzu sama da mutum 1,000 ƙwaya ke kashewa a Scotland duk shekara.

A Najeriya wani bincike na 2018 ya ƙiyasta masu allurar sun kai 80,000. Malamanmu sun san ƙa'idar ɗaukar mafi sauƙin cuta biyu, likita kuma ya yi rantsuwar riƙe sirri, ba a ɗora masa alƙalanci ba. To me ya hana mu?

Ƙanwata ta yarda za ta je gwajin hanta mako mai zuwa. Abu ɗaya ta tambaye ni a waya, muryarta ƙasa-ƙasa: "Yaya, likitan zai gaya wa su Baba?"