A binciki direban tanka, amma a fara da mai tankar

Tun da aka buɗe matatar SORAZ a watan Nuwamban 2011, daga Damagaram man ƙasar nan ta Nijar yake fara tafiya. Matatar tana kimanin kilomita 50 arewa da Zinder, kan hanyar Tanut, an gina ta ne don ta tace ganga 20,000 a rana, kuma duk abin da ta tace, esansi ne ko gazuwal ko gaz, a bayan mota yake fita. Babu jirgin ƙasa, babu bututun da zai kai tataccen mai Maraɗi ko Yamai. Tanka ce za ta sha lita 30,000 ko fiye, ta gangaro, ta yi yamma ta Takeita da Tasawa, ko ta yi gabas ta Mirriya da Gure, ta ratsa garuruwa ranar da kasuwa ke ci, tallar yara na gefen gudiro. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, kuma duk tsawon tafiyar ran mutanen da ke bakin hanya yana hannun wanda ke zaune a gaban motar.

Saboda haka ina tare da masu cewa kada a miƙa makullin irin wannan mota sai an san ko wane ne mutum, an san abin da ya taɓa aikatawa. Inda na rabu da su shi ne wajen zaton cewa takarda guda daga kotu za ta wadatar, da kuma zaton cewa direba ne kaɗai ya kamata a bincika.

Amurka ta yi nisa a wannan fanni, kuma tsoro ne ya kai ta. Bayan hare-haren 11 ga Satumban 2001, dokar da suka kira USA PATRIOT ta hana jihohi ba direba izinin ɗaukar kaya masu haɗari sai gwamnatin tarayya ta tabbatar ba barazana ba ne. Hukumar tsaron sufuri ta ƙasar, TSA, aka ɗora wa aikin. Daga 2005 duk mai neman izinin sai ya dangwala yatsunsa, a duba tarihinsa a rumbun hukumar FBI, a duba matsayinsa na zama a ƙasar, a duba ko sunansa na cikin jerin waɗanda ake zargi da ta'addanci. Bayan shekara 5 a sake daga farko. Laifuffukan da ke hana mutum kuwa kashi biyu suka yi su. Leƙen asiri, cin amanar ƙasa, ta'addanci da kisan kai na cikin waɗanda ke bin mutum har abada. Fashi, fasa-ƙwauri, safarar ƙwaya da cin hanci suna hana shi ne in bai cika shekara 7 da yanke masa hukunci ba, ko shekara 5 da fitowa daga kaso. Wanda aka ƙi kuma yana da damar ɗaukaka ƙara, a laifuffuka da dama ma yana iya neman a yi masa sassauci.

Abin da ya burge ni a tsarin shi ne wa'adin nan da kuma ƙofar ɗaukaka ƙara. Amma da za a kwafo jerin laifuffukan yadda yake a kawo Zinder, da an yi ɓarna. Ɗauki fasa-ƙwauri kawai. Shekara da shekaru, kafin Najeriya ta janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, ruwa-ruwa, wato fasa-ƙwaurin mai, ce sana'ar samari da yawa a garin nan. Jarka a bayan babur, jarkoki a cikin tsohuwar mota, ta hanyoyin daji daga iyakar Magarya da Matamai. Wasu an kama su, wasu sun kwana a kaso. A cikinsu akwai ƴan fale, wato ƴan gungun samarin unguwa, waɗanda yanzu suka yi aure, suka natsu, ba su da wata sana'a a hannu sai tuƙi. Idan aka yi doka a nan ta ce duk wanda ya taɓa shiga hannun duwan kan jarkar esansi ba zai taɓa tanka ba, to mun rufe ƙofar halal a fuskar mutanen da muka fi buƙatar su same ta. Wanda ya yi fashi da makami, ko aka kama shi yana kai wa ƴan bindiga mai, ko yana safarar ƙwaya da makamai, wannan daban ne, kuma ban ga dalilin yi masa sauƙi ba. Dole doka ta iya bambance su, da sunan laifi da yawan shekaru, ba a bar abin ga ra'ayin wani ma'aikaci a bayan tebur ba.

Sai takardar kanta. Abin da muka sani a nan shi ne kaziye, takardar da kotu ke bayarwa mai nuna ko an taɓa yanke wa mutum hukunci, wadda ake nema in za a shiga gasar ɗaukar aiki, ta kuma mutu bayan wata 3. A tsarin da muka gada daga Faransa, tarihin mutum yana bin wurin haihuwarsa da sunan da ke kan takardar haihuwarsa. To ga mutumin da aka haifa a ƙauye ba a yi masa takarda ba, sai da ya girma ya je kotu da shaidu biyu aka ƙiyasta masa shekaru. A permi Mahamadu ne, a katin ɗan ƙasa Mahaman, a tasha kowa Maman yake ce masa. Irinsa nawa ne a jihar nan, masu suna ɗaya, sunan uba ɗaya, shekarar haihuwa ɗaya? Bincike da suna kaɗai zai iya wanke mai laifi, ya kuma shafa wa mai gaskiya laifin wani. Ga kuma iyaka: wanda kotun Daura ko ta Kano ta ɗaure, kaziyensa na Zinder fari fat zai fito. In ba a ɗauki zanen yatsu ba, an haɗa shi da rumbu guda na ƙasa, abin da za a samu ƙarin takarda ce kawai cikin jakar direba, kusa da permi da kart-giriz da asirans da bizit. Kowa kuwa ya san abin da ƙarin takarda ke zama a shingen hanya.

A tashoshinmu ma ai akwai bincike tun kafin a ji labarin na Turawa, sai dai ba a rubuce yake ba. Yaro yakan shiga hannun maigida yana aparanti, ya yi shekaru yana wankin mota, yana sa waigi, yana kwana ƙarƙashin tirela, kafin a bar shi ya motsa ta a fili. Ranar da zai karɓi tasa motar, maigidansa ne zai tsaya masa a gaban Alhaji mai mota ya ce, “Alhaji, yarona ne, na san gidansu, in ya yi ɓarna a neme ni.” Wannan lamunin ya san abin da kotu ba ta sani ba: ko yaron na shan tiramol don ya kori barci, ko yana da zafin kai, ko hannunsa na zuwa kan famfon tanka in dare ya yi. Rauninsa shi ne kunya da zumunci. Maigida ba zai tona ɗan ƙanwarsa ba, kuma direban da aka kora a Zinder saboda satar mai yana iya samun wata motar a Kwanni cikin mako guda, don babu inda aka rubuta. Ni a ganina sandikar direbobi ce ya kamata ta riƙe wannan littafi, da sunan wanda ya yi lamuni da dalilin kowace kora, hukuma kuma ta riƙa dubawa.

Mu dubi gobarar da ta ci mutane da gaske. A daren 5 zuwa 6 ga Mayun 2019 wata tanka ta kife kusa da filin jirgin sama na Yamai, jama'a suka taru kwasar mai, wuta ta tashi, mutane 55 suka mutu nan take, adadin ya ƙaru daga baya. A Majiya ta jihar Jigawa, ranar 15 ga Oktoban 2024, irin haka ta faru, aka rasa sama da mutum 150. A mararrabar Dikko kusa da Suleja, ranar 18 ga Janairun 2025, sama da 80. Ba kaziye ne zai hana ko ɗaya daga cikinsu ba. Mota ce ta faɗi, mai ya malala, talauci ya jawo mutane da bokiti, kuma ba a samu wanda zai kore su da wuri ba. Abubuwan da ke kayar da tanka sanannu ne: birki da ya mutu, taya da ta suɗe, rami a hanya, gudu, da direban da ya kwana biyu bai runtsa ba saboda kuɗinsa na tafiya ne, ba na wata ba. A cikin waɗannan, nawa ne ke hannun direba, nawa ke hannun mai mota? Idan aka tsananta wa direba da bincike aka ƙyale wanda ya ƙi sayen taya, an bar jaki ana dukan taiki.

Ban raina batun tsaro ba. Ranar 23 ga Mayun 2013 da motoci maƙare da bama-bamai aka kai hari barikin soja na Agadas da ma'adinin uraniyom na kamfanin Somaïr a Arlit, kuma hanyar da ta fita daga Zinder ta Tanut can ta nufa. Jihar Diffa, maƙwabciyarmu ta gabas, ta shiga dokar ta-ɓaci tun Fabrairun 2015. Ƴan bindiga ba sa tafiya sai da mai, babur ɗinsu ba ruwa yake sha ba, saboda haka kowace lita da ta ɓace tsakanin matata da gidan mai abin tambaya ce. Amma tanka guda ba ta karkata hanya da sanin direba shi kaɗai. Akwai wanda ya yi odar, akwai mai motar, akwai wanda ya sa hannu cewa kaya sun iso. A Mali kuwa, tun Satumban 2025 da masu iƙirarin jihadi suka tare hanyoyin shigar da mai, direbobin tanka ne ake ƙona wa motoci, su ake kashewa, su ake sacewa. Mutumin da muke shirin tuhuma, sau da yawa shi ne na farko da ke shiga haɗari, kuma ya kamata a tuna da haka wajen rubuta dokar da kuma wajen yi masa magana a shinge.

Akwai kuma abin da duk mai bin hanyar dare ya sani. Wanda sunansa ke kan takardar lodi ba lalle shi ke tuƙi ba da ƙarfe 3 na dare. Maigida ya gaji, ya koma gadon baya, aparanti ya karɓa. Ta haka kowane direba ya koya, ba na musu. Sai dai in an binciki maigida har zanen yatsu, yaron da ke jan lita dubbai tsakanin Dogon Dutsi da Doso kuwa ba wanda ya san ko sunansa, binciken bai taɓa wanda ke tuƙin ba. Duk wanda zai kwana cikin motar a sa shi a rajista, a kuma daina ɗora tafiya mai nisa irin wannan a kan direba guda.

Turai ta bi ta wata hanya da nake ganin ta fi kusa da buƙatarmu. Yarjejeniyar ADR ta 1957, kan ɗaukar kaya masu haɗari a mota, ta ɗora nauyi a kan horo: direban kaya masu haɗari sai ya yi kwas, ya ci jarrabawa, ya karɓi shaidar da ke aiki shekara 5, kuma kamfanin da ya ɗauke shi yana da nasa alhakin. Daga can ne allon nan mai ruwan lemo da ake gani a jikin wasu tankoki ya samo asali. Lamba 33 a sama da 1203 a ƙasa na nufin esansi, 30 da 1202 gazuwal, 23 da 1965 gaz. An yi shi ne don ƴan kwana-kwana su san abin da ke ciki tun daga nesa. Direban da ya san ma'anar allon motarsa, ya san nisan da zai kori mutane in mai ya zuba, ya san ba a kunna janareto ko babur kusa da tururin esansi, ya fi amfani ga mutanen Takeita fiye da wanda ke da farin kaziye bai san komai ba. A yi horon da Hausa, a yi jarrabawar da baki ga wanda bai yi lakwal ba, don rashin Faransanci bai taɓa kayar da mota ba. Kuma kada a tsaya kan mai kaɗai. Tun da aka gano zinariya a Jado a 2014, sinadarai da abubuwan fasa dutse na bin hanyoyin arewa, wasu a cikin motocin da ba su da wata alama.

Kuɗin binciken kuwa mai mota ya biya, ko kamfanin da ya ba shi kwangila. In aka ce direba ne zai biya, aka ce kuma sai ya je Yamai, to masu hali za su sayi takardar, marasa hali su bar aikin ko su yi ta tuƙi a ɓoye. A buɗe wurin ɗaukar zanen yatsu a nan Zinder, tunda nan ne mafarin lodi. A sa wa hukuma wa'adin ba da amsa, wanda aka ƙi a faɗa masa dalili a rubuce, a ba shi inda zai kai kuka. Lasisin mai motar shi ma a ɗaure shi da tarihinsa: motocinsa nawa suka faɗi, sau nawa lodinsa ya isa da giɓi, wa da wa ke da hannun jari a kamfanin.

Wurin duba katin shaidar binciken kuma shi ne ƙofar matata da ƙofar defo na SONIDEP, kamfanin mai na ƙasa, inda mota ba ta da zaɓi sai ta tsaya, inda ake iya haɗa yatsa da hoto kafin a buɗe famfo. Motar da direbanta ko yaronta ba ya cikin rajista kada a yi mata lodi, asarar ranar kuma ta hau kan mai ita. Jandarman da ke kan hanya a bar shi da aikin duba gudu da birki da awannin tuƙi.