Wankan gishiri bai ishe mu darasi ba?

Jama'a wa ke tuna asubahin nan na watan Agustan 2014 da waya ta dinga ƙara, ana cewa a tashi a yi wanka da ruwan gishiri saboda Ebola? Ni dai ban manta ba wallahi. Innarmu ce ta kira tun kafin kiran assalatu muryarta na rawa, wai a tashi yara kaf, in da hali ma a ɗan sha. Muka tashi kuwa, Hajiya da hawan jininta sai da ƙanena ya karɓe kofin a hannunta. Alhali cutar nan da Patrick Sawyer ya shigo da ita daga Laberiya ba ta wuce Legas da Fatakwal ba, mutum 20 ta kama, 8 suka rasu, amma gishirin sai da ya kwantar da mutane a asibiti har aka rasa rai. Kuma fa wanda ya kira ka ba mugu ba ne, so ne da tsoro suka sa shi.

To wancan lokacin kira ne da tes, yanzu bidiyo ne. Ƙarfe ɗayan dare kana kwance sai ka buɗe guruf ɗin unguwa ka ci karo da gawa cikin jini, ba gargaɗi ba komai, ka rufe ido hoton na nan, ƙirji na bugawa, asuba ta kuɓuce maka, da safe yaro ya zubar da koko ka hau shi da faɗan da bai kai laifinsa ba, matarka tana mamakin me ya same ka. Kai kanka ba ka san daga wayar ka kwaso ba. Su kuma Facebook da TikTok suna lissafin abin da ka tsaya a kansa ne, ka daɗe kan tashin hankali gobe su ƙaro maka irinsa, don zamanka a ciki shi ne kuɗin tallarsu.

Abin da ya fi ci min rai shi ne "kamar yadda na samu". Kalmar nan da ake liƙa wa saƙo in za a tura shi gaba ba ta wanke kowa. A rikicin Filato na Yunin 2018 binciken BBC ya gano wani bidiyon kisa da aka yi ta yaɗawa ashe daga Kongo Barazabil yake, tun 2012 aka ɗauke shi, amma ya tunzura mutane, aka tare hanya aka kashe matafiyan da ba su ji ba ba su gani ba. Aya ta 6 a Suratul Hujurat duk mun haddace ta, a bincika labari kafin a cutar da wasu cikin jahilci, sai ga shi ɗan yatsa na riga hankali.

Ni yanzu wayata a falo take kwana kan caji, na hana bidiyo sauka da kansa a WhatsApp, labarai kuma rediyo nake kunnawa da safe in kashe.

Shekaranjiya Kawu ya turo odiyo a guruf ɗin gida wai an ga baƙin fuska a bayan gari kowa ya ɗauko yaransa daga makaranta. Na kira shi na gaishe shi na ce Kawu don Allah muryar waye, wane gari, yaushe aka yi? Ya yi shiru ya ce shi ma turo masa aka yi. Allah ya saka masa, ya goge, amma kafin nan mutum 14 sun riga sun saurara, Yaya ma har ta saka hijabi ta fita tarar Keke Napep.