Ni dai ban kira sunan kowa ba

Akwai wani bawan Allah a harkar nan tamu ta fim da duk watan Janairu ciwonsa ke tashi. Da an fitar da sunayen waɗanda suka ci kyauta a bikin fina-finai na Sundance, sai ka ga ya hau Facebook yana yatsina, wai fina-finan yunwa ne, wai ko an haska su kyauta a sinima ba mai shiga, wai Turawa na raba kambu ne ga duk wanda ya nuna musu talaucin Afirka. To madalla. Tunda Malam ya buɗe aji, bari mu ɗalibai mu ɗan yi tambaya.

Shi bikin nan a garin Park City na jihar Utah ta Amurka ya yi suna, cikin tsananin sanyi da dusar ƙanƙara, ƙarƙashin cibiyar da Robert Redford ya kafa a 1981 don masu shirya fim da ba su jingina da manyan kamfanonin Hollywood ba. Fina-finai sama da dubu goma ake tura musu a shekara, gajeru da dogaye, dogayen da ake ɗauka kuwa ɗari ne ko kusa da haka. Kafin ma a zo maganar kyauta ke nan, shiga kawai aiki ne. A 2021 Akinola Davies Jr. ya ɗauki babbar kyautar alƙalai ta gajerun fina-finai. A 2023 fim ɗin C.J. Obasi, Mami Wata, wanda aka ɗauka da baƙi da fari a gaɓar tekun Jamhuriyar Benin, ya samu kyauta ta musamman kan ɗaukar hoto. 'Yan asalin Najeriya ne su biyun, kamar dai wancan mutumin.

Abin da nake so a lura da shi, kyautar 2023 ɗin ta mai riƙe kyamara ce, wata 'yar Brazil, Lílis Soares. Can ana kiran mai kyamara gaban jama'a a tafa mata. Nan kuwa akwai furodusan da yaron da ya riƙe masa fitila har ƙarfe ukun dare a lokeshan yake bin sa kuɗin aiki tun kafin azumin bara. Ya kira, a ce Oga na mitin. Ya je ofis, a ce Oga ya yi tafiya, alhali ga motar Oga a inuwa, injinta ma bai huce ba. Edita kuwa ya gaji, ya bar wa Allah. Sunayensu a ƙarshen fim gudu suke yi kamar an biyo su, na Oga kuma sau huɗu yake fitowa: labari, tsarawa, shiryawa, ba da umarni.

Shi mai cewa kyauta ba komai ba ce, ku leƙa ofishinsa. Kanta guda ce cike da gilasai da allunan katako na lambar yabo. Na taɓa ɗaga ɗaya na duba, an rubuta sunan fim ɗin da kuskure, takardar farashin shagon da aka sassaƙa shi kuma tana nan manne a gindi. Mun san yadda ake samun irinsu. A kama ɗakin taro a otal, a sayar da tebur, wanda ya sayi na gaba shi ne gwarzon shekara. Akwai kuma na intanet, bikin da ba shi da sinima, ba shi da 'yan kallo, duk wata yana raba kyauta. Ka biya dala kaɗan, bayan mako biyu a turo maka hoton ganyen nan guda biyu, alamar fim ya ci kyauta, ka liƙa a fosta. Fostar wani ganye ya yi mata yawa har fuskar jarumar ba ta fito ba.

Ba na cewa duk abin da alƙalan Sundance suka zaɓa daidai ne. Akwai fim ɗin da ya ci kyauta da za ka kalla ka yi barci, kuma zancen irin labarin Afirka da Turawa ke so magana ce da masana suka daɗe suna yi, da hujjarsu. Amma wanda zai yi wannan suka ya kamata a ce ana jin maganar 'yan wasansa ba tare da kukan janareto ba. A ce sandar makirfo ba ta leƙo daga saman hoto a tsakiyar sin ɗin kuka ba. Fassarar Turancin da ke ƙasan fim ɗinsa ma, bari kawai, kada azumin wani ya karye da dariya.

Sai kuma kirarin da yaransa ke masa, wai shi ya fara ɗaga tutar yankin nan a idon duniya. Oumarou Ganda na Nijar ya ɗauki babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu ta Burkina Faso, tun 1972, shi ne ma mutum na farko da aka ba ita. Lokacin wani ko tatata bai fara ba.

Ƙofar Sundance a buɗe take, kuɗin fom ne kawai da fim. Daga 2027 ma bikin zai koma garin Boulder na jihar Colorado, ga sabon adireshi nan na bayar kyauta. Idan can ya yi nisa, ga bukukuwan fim na gida, ga KILAF a Kano, ga Zuma a Abuja, ga AFRIFF a Legas. A tura a gani mana. Ko da yake tsuntsuwa ta raɗa min cewa an taɓa turawa wani wuri a ɓoye, amsar da ta dawo ce ba a nuna wa kowa ba.

Masu ɗaukar hoton rubutu su kai, ku kai masa duka, kada ku yanke sakin layi na uku. Yaron fitilar yana jira.