Saƙo Ɗaya Zan Tura, Yaya

Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, na zama mutum mai tsantseni. Ba na addini nake nufi ba, na data. Idan aka turo bidiyo a guruf, sai na duba nauyinsa kafin in taɓa shi, kamar mai taya kwandon tumatir a Yankaba. Duk abin da ya haura mega biyar ba na buɗewa, sai dai in rubuta "Allah Ya kyauta" in wuce, don wannan addu'ar tana shiga kowane irin bidiyo, na haɗarin mota ne ko na 'yan siyasa. Sau ɗaya ta taɓa kunyata ni, ranar da ashe bidiyon ɗaurin auren ogana ne.

A wannan hali albashi ya shigo. Na danna *312# na sayi giga 20 na wata guda, na zauna na raba shi kwana 30, ya ba ni mega 600 da ɗoriya a kullum. Na ce alhamdulillahi, wannan watan har labarai zan kalla da hoto.

Kwana biyu da saye aka yi sunan ɗan ƙanwata. Haihuwar fari ce, ta dawo gida wanka, saboda haka taron ya faɗo gidanmu na gado da ke cikin gari. Da sassafe aka raɗa suna, aka raba goro da dabino, mahauci ya kayar da rago, mu kuma muka baje tabarmi a ƙofar gida muna jiran waina. Ina cikin amsa barka sai ga autanmu ya zo ya durƙusa a gabana, gwiwa biyu a ƙasa. Yaron da ko ranar Sallah a tsaye yake miƙo min hannu. Da ina da wayo, da daga nan na gane akwai magana.

"Yaya, don Allah ɗan kunna min hotsifot. Saƙo ɗaya zan tura."

Wato in buɗe masa datata wayarsa ta hau kai. Ga dattawa a zaune suna kallo. Wa zai hana ƙaninsa saƙo ɗaya a gaban surukai? Na kunna. Ya ce kalmar sirri fa? Na sunkuya na raɗa masa a kunne kamar mai ba da laƙani: 12345678. Kada ku yi min dariya. Ranar da na sayi wayar ta ce ba za ta karɓi abin da bai kai harafi takwas ba, ni kuwa na ƙirga mata takwas cif na ba ta. Yaro ya yi godiya ya tashi. Na mayar da waya aljihu, waina ta iso, na manta da zancen.

Abin da na fara lura da shi shi ne farin jini. Ni ba mai kuɗi ba ne, ba na siyasa, a dangi ma ba a cika neman shawarata ba sai an zo rabon aiki. Amma ranar nan duk inda na zauna sai matasa su kewaye ni. Na koma inuwar darbejiya, suka taso suka dawo. Na shiga zaure gaida wani kawunmu, sai ga su sun jeru a jikin bango, kowa kai a sunkuye. Na ce a raina, ka ga tarbiyya, yaran yanzu ashe ba su lalace duka ba. Da aka kira azahar na nufi masallacin unguwa, sai na waiga na ga mutum shida a bayana. Har na ji ƙwalla ta taru min. Kawu ya dafa ni ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, ka zame wa ƙannenka abin koyi."

Ashe hotsifot ba ya nisa. Tazarar 'yan taku ce, kuma katangar ƙasa irin ta gidajenmu na cikin gari tana datse shi. Ba ni suke bi ba, aljihuna suke bi.

Asiri ya fara tonuwa ne da na zagaya bayan gida. Na rufe ƙofa ke nan sai na ji muryar wata yarinya daga tsakar gida tana cewa, "Wayyo, sabis ya ɗauke! Ina Yaya ya shiga?" Wani ya amsa mata, "Yana banɗaki, matso nan kusa da rijiya, yana kamawa." Na tsaya da buta a hannu ina tunanin me ya haɗa shigata banɗaki da sabis.

A daidai nan na ji cinyata tana zafi. Tun ɗazu nake jin ɗumin, na ɗauka rana ce. Na zaro waya, sai ka ce an ciro dankali daga toka. Batir da na fito da shi 90 da wani abu ya koma 23, ga shi ba wuta a unguwar tun daren jiya. Na danna *323# hannuna na rawa. Saura giga 3 da 'yan kai.

Na sake dannawa, ko kuskure ne. Ya ragu.

Na shiga saitin hotsifot, wurin da ake ganin waɗanda suka haɗa. Mutum goma. Kuma goma ɗin ba don mutane sun ƙare ba ne, iyakar abin da wayata ke ɗauka ke nan. Daga baya na ji har layi ake yi, wani ya sauka wani ya hau, kamar a tashar Kabuga. Ga Tecno, ga Infinix, ga itel guda uku, ga wata Samsung, sannan ga wani abu mai dogon suna da ya fara da DESKTOP. Ni da na ba mutum ɗaya aron tabarma, na dawo na tarar an kafa kasuwa a kai.

Na damƙo auta a bayan zaure. Ya rantse da girman Allah bai faɗa wa kowa kalmar sirrin ba, kuma gaskiya ya faɗa. Bai faɗa ba, nunawa ya yi. Wayoyin Android na yanzu, idan ka riga ka haɗa da Wi-Fi, suna fito maka da wani ɗan zane mai kama da hatimi, lambar QR, wani ya haska kyamararsa a kai kawai ya shige, ba tambaya ba sallama. Auta ya nuna wa abokinsa, abokin ya nuna wa ƙanwarsa, ita kuma ta shiga da shi cikin gida wurin mata. Mutum biyu ma sun ce ba wanda ya nuna musu komai, gwadawa suka yi daga 1 zuwa 8 ƙofa ta buɗe.

"To saƙon naka guda ɗaya fa?"

"Na tura tun ɗazu, Yaya. Ba a ba ni amsa ba ne nake jira."

Mai DESKTOP ɗin ɗan yayata ne da ke karatun kwamfuta a jami'a. Na same shi a ɗakin samari ya buɗe laftof, wani shuɗin allo yana juyawa. Shi ne ya yi min bayanin da ya ƙara min ciwon kai, cikin natsuwa kamar likita yana karanta sakamakon gwaji. Ya ce, "Kawu, ai matsalar ita ce wayar da ta hau hotsifot ɗinka ba lallai ta san datarka ce ba, sai ta ɗauka Wi-Fi ta samu, na banza." Ashe yawancin wayoyi an saita su ne su danne manyan ayyuka har sai sun ga Wi-Fi. Play Store ya jira ya sabunta manhajoji, Google Photos ya jira ya kwashe hotuna da bidiyo ya kai ma'ajiya, WhatsApp ya jira ya sauke duk abin da aka turo. Mutanen nan kuwa wasu sun yi wata da watanni wayarsu ba ta ga Wi-Fi ba. Ina kunnawa, sai ka ce an buɗe madatsar Tiga a kan gonata.

Na ce to kai me kake yi? Ya ce shi bai yi komai ba, Windows ce ta ga hanya ta kama sabunta kanta, kuma irin wannan yakan ci giga da dama. Wai akwai inda ake gaya mata cewa wannan intanet ɗin a kan awo yake, ta bi a hankali. Na ce me ya hana ka gaya mata? Ya ce, "Ai ban san a kan awo kake ba, Kawu." Ɗan da na saya wa jakar makaranta.

Na fito da niyyar kashe abin gaba ɗaya, sai na ji ana kirana daga ɗakin Hajiya. Gwaggo ce, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta goya ni a bayanta. Ta kafa waya a jikin kwanon sha tana kiran bidiyo da 'yarta da ke aure a Maraɗi, ana ɗaga mata jariri tana gani. Ta ce, "Zo nan ɗan albarka, tsaya a bakin ƙofar nan kada ka motsa, an ce idan kana kusa hoton ya fi fitowa." Haka na tsaya, ni da gemuna, na zama eriya. Aka nuna jariri, aka nuna mai jego, aka nuna kayan barka ɗaya bayan ɗaya, har da ƙirga turamen atamfa. Sai da aka zagaya da waya aka nuna wa Maraɗi ragon suna a rataye. Minti arba'in ina tsaye ina jin giga na fita daga jikina kamar ana yi min ƙaho.

Da na samu kuɓuta na faɗa hannun ɗan Gwaggon, taubashina, wanda tun kuɗin sharar bara muke 'yar tsama da shi. Ya saurari kukana har ƙarshe da fuskar tausayi, abin da ya kamata ya tsorata ni. Ya ce, "Kai matsalarka kunya. Ko ka canza kalmar, wani zai zo ya durƙusa ka sake faɗa. Sai an sa maka wadda bakinka ba zai iya furtawa a gidan nan ba." Na ga hikima a maganar. Na miƙa masa waya. Ya danna 'yan haruffa, ya nuna min inda ake rage yawan masu hawa da inda ake toshe mutum, ya mayar min. Nan take na ji tsakar gida ta ɗauki salati, sabis ya ɗauke wa kowa. Matasan da ke kewaye da ni suka watse kamar an jefa dutse cikin 'yan tsaki. Ban ko duba abin da ya rubuta ba, daɗi ya hana ni.

Bayan la'asar, gida ya cika maƙil da mata, sai ga uwargida ta leƙo zaure. Tata datar ta ƙare, ga mai alkaki da dubulan tana tsaye tana jiran a yi mata tiransfa. Na ce kawo in haɗa miki. Ta ce hannunka duk maiƙon nama, kawo in duba da kaina. Ta karɓi wayar ta koma ciki, ni kuma na bi ta a baya saboda zafin wayar kada ta yar. A tsakiyar tsakar gida ta danna ɗan idon nan da ke bayyana kalmar sirri. Na ga ta tsaya. Ta matso da wayar kusa da fuskarta. Sannan ta karanta da ƙarfi, dalla-dalla, yadda 'yan aji ɗaya ke haɗa baƙi:

"Zan... ƙara... aure."

Ban taɓa jin gidan suna ya yi tsit irin na ranar ba. Har jaririn ya yi shiru. Na leƙa, ga shi nan ɓaro-ɓaro: zankaraaure. Na ce wallahi tallahi ba ni na rubuta ba, a kira ɗan Gwaggo. Aka duba, wani yaro ya ce ya gan shi ya tari adaidaita sahu tun ɗazu, yana ta dariya shi kaɗai. Gwaggo kuwa, maimakon ta cece ni, sai ta rangaɗa guɗa ta ce, "Kai madalla! Abin alheri ai ba a ɓoye shi. 'Yar gidan wa ce?"

Uwargida ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta haɗa wayarta, ta sallami mai alkaki, ta ɗaga kai ta yi murmushi ta ce wa matan gida, "Jama'a, kowa ta fito da wayarta. Ango ya yi walima." Ta buɗe masu hawa ta mayar goma, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana maimaita musu kalmar, ba ta ko yarda da lambar QR ba, ta fi son a ji da baki. Kafin magariba saƙo ya shigo cewa datata ta ƙare. Giga 20, kwana biyu da yini ɗaya.

Taubashin ya kashe wayarsa kwana uku. Da ya kunna ya amsa laifinsa, amma a lokacin na riga na sayi leshi da turare na bayar, kuma har yau "Ango" ake kirana a gidana, yara ma sun ɗauka sabon suna ne.

Ranar Litinin da daddare oga ya kira yana son in tura masa wata takarda kafin safiya. Ba data, ba kati, *303# kuma ya ce sai na biya bashin da na ci shekaranjiya. Na yi ta zagaye a falo. Daga ƙarshe na je na tsaya a ƙofar ɗaki, na gyara murya.

"Maman yara, don Allah ɗan kunna min hotsifot. Saƙo ɗaya zan tura."

Ta dube ni sama da ƙasa, ta ɗauki wayarta ta kunna. Na ce kalmar sirri fa? Ta ce rubuta, Ango. Ta shiga jero min haruffa ɗaya-ɗaya ina dannawa, sai da na kai ƙarshe na karanta abin da na rubuta: kagwadakagani.

Ya shiga. Takardar oga na tafiya ta kashe.