Wa'azi Kashi Na 47

Ranar Alhamis ce da yamma, 'yan kasuwar Maigatari sun fara dawowa, shagon Mai Caji ya cika maƙil, janareta sai tari yake kamar mai fuka. Sai ga Malam da carbi a hannu, waya kuma can cikin aljihun 'yar shara.

Malam: Salamu alaikum. Kai yaro har yanzu kana nan kana ɓata tarbiyyar 'ya'yan mutane da finafinan nan ko?

Mai Caji: Allah gafarta Malam ni caji nake yi, turi kuma sai wanda ya kawo memori da kansa.

Malam: Ai shi ne. Ni dai tunda nake ban taɓa zama na kalli fim ba. Ko na Indiyan nan da ake fassarawa, wanda jarumi zai doke mutum 20 da hannu ɗaya gilashin idonsa ko motsi bai yi ba.

Ɗan Acaɓa: Malam ya aka yi ka san gilashin bai motsa ba?

Malam: Labari na ji. Kai me ka sani banda hon?

Shago ya yi tsit, don duk garin an san in ka ja da Malam to ranar sunan ɗanka sai ya tsawaita addu'a har koko ya huce.

Malam: A 2025 da hukumar tace finafinai ta Kano ta dakatar da masu dogon zango har 22, ni ne mutum na farko da ya ce alhamdulillahi a garin nan.

Ɗan Acaɓa: Ba a makon ne aka ce ka daina cin tuwo ba?

Malam: Olsa ce! Kai yaro matso. Abin nan da ka tura wa... yaron gidana, na 46, ya yanke. Daidai inda Hajiya ta turo ƙofa ta tarar da kishiyar tana barbaɗa abu a miya, sai kawai rubutu ya hau tafiya.

Mai Caji: Ba yankewa ya yi ba Malam, nan suka tsaya, sai wani makon.

Malam: Wani makon? La'ilaha illallahu. Wannan ai zalunci ne! Abu minti 40, goma ana tuna maka na makon jiya kamar an ce maka mun manta, goma tallan turaren wuta da atamfa, goma Alhaji yana fitowa daga mota, ya buɗe ƙofa, ya sauko da ƙafa ɗaya, a sa kiɗa, ya sauko da ɗayar, a nuno takalmin, a nuno mai gadi yana gudu. Shekara biyu ana neman takardar gado guda ɗaya, alhali tana ƙarƙashin katifar Hajiya tun zango na ɗaya, kowa ya gani!

Nan kam ko ni mai ba ku labari sai da na gyaɗa kai, don takardar nan ta ci min kuɗin da ya isa sayen ɗan akuya.

Ɗan Acaɓa: Duk yaron gidan ne ya ba ka labari har da takalmin?

Malam: Dubawa nake yi. Uba nagari sai ya san abin da zai hana. Ya zan hana abin da ban kai ƙarshensa ba?

Mai Caji: To na 47 ya fito jiya a YouTube, amma fa kuɗin turi ya ƙaru. Tunda aka ƙara kuɗin data da kashi 50 cikin 100 a farkon 2025 ba mu dawo daidai ba, ga sabis sai na hau jujin bayan firamare na ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa, ya kai 98 ya tsaya ya ce a sake.

Malam: Ni zan biya kuɗi a kan ɓarna? Allah ya kiyaye. Ungo wannan ɗari biyun, sadaka ce na ba ka. Wayar kuma ga ta, caji na kawo. In wani abu ya faɗa ciki ba da sanina ba ne.

Mai Caji: Wane suna zan sa masa?

Malam: Kamar kullum.

Mai Caji ya buɗe wayar, Ɗan Acaɓa ya leƙo ta kafaɗarsa. Wa'azi 1, Wa'azi 2, Wa'azi 3, haka har 46, a ƙasa kuma ga wata jaka an rubuta Tafsirin Indiya.

Ɗan Acaɓa: Kai Malam, wannan malamin naka akwai dogon numfashi.

Malam: Ilimi kogi ne.

Bai rufe baki ba sai ga jikansa a guje, ƙafa duk ƙura.

Jika: Baba, Inna ta ce ka yi sauri da wa'azin, kuma wai in ka sake kallo kai kaɗai a zaure kamar wancan makon ka zo kana gaya mata an saki Hajiya, yau ma ba tuwo.

Malam ya kalli yaron, ya kalli jama'a, ya ja carbi ɗaya.

Malam: Kun ji ko? Olsa.